Sati Biyu Da Kwana Biyu

Baba ya rasu ranar Laraba da asuba,
takalmin aikinsa a goge a bakin ƙofa.
Kamfanin kujeru na Greensboro ya sallame shi tun kafin azumi,
amma takalmin bai ji labari ba.

Bayan addu'ar bakwai na buɗe jakarsa.
Katin asibiti, carbi mai tsinkakken zare,
da littafi mai shuɗin bango
inda yake rubuta wuraren da ya nemi aiki,
uku kowane sati, sharaɗin ofishin ke nan
kafin su sakar masa kuɗin zaman jira.
Rubutunsa a kwance kamar dawar da ta sha iska:
Sito. Wankin mota. Gadin dare.
Sun ce za su kira.
Sun ce za su kira.

Akwai sati biyu da ba a biya shi ba.
Inna ta ce a bar musu.
Na ce gumin shekara goma sha tara ne, Inna,
ba roƙo zan je ba.

Na buga lambar.
Minti arba'in da bakwai ana kaɗa mini garayar Turawa,
shinkafa ta kama a tukunya.
Sai wata murya, Loretta,
ta ce dole ta yi magana da mai asusun.
Na ce mai asusun yana layi na huɗu,
kusa da shinge, ƙasa ba ta gama kwanciya ba.
Shiru.
Na ji ta ajiye wani abu a kan tebur.
Ta ce, ɗiyata, ɗauko biro.

Fom ɗin shafi shida ne.
Shin a wannan satin yana da lafiyar yin aiki?
Litinin, e.
Talata, e, har ya yi aski.
Shin a shirye yake in an kira shi?
Na daɗe ina kallon akwatin nan ƙarami.
A shirye yake mana.
An kira, ya amsa.

Suna son takardar mutuwa mai hatimi,
ba hoton ta ba, ita kanta.
Suna son shaidar aure,
wadda aka ɗaura a wani zaure a Maraɗi
da goro da alawa da bakin mutane.
Sai da limaminmu ya rubuta wasiƙa.

Inna tana takaba, ba ta fita,
don haka mai hatimi ta zo har gida,
ta tuɓe takalminta kusa da nasa.
Inna ta riƙe biro kamar muciya,
ta rubuta Barira,
ta tsaya,
sannan ta rubuta Tasi'u, harafi-harafi,
yadda shi ya koya mata a kan wannan teburin.

Cak ya iso bayan arba'in.
Dala ɗari shida da goma sha biyu.
Sun lissafa masa Litinin da Talata,
Laraba kuwa ba su san inda za su sa ta ba.

Inna ba ta taɓa takardar ba.
Ta ce juya littafin, shafin ƙarshe.
Ashe can ma akwai lissafi:
Ɗan'azumi mahauci, ɗari da arba'in.
Sidi bakanike, ɗari uku.
Haruna na masallaci, sauran kuɗin taya.
Bashi hanji ne, in ji ta,
kada a bar shi kwance da nauyi.

Na zaga gari da ambulan uku.
Sidi ya rantse ya yafe,
na ajiye masa a kan injin mota na tafi.

Dala tara ta rage.
Inna ta naɗe ta cikin littafin.

Jiya wayarsa ta yi ƙara a aljihun tebur,
na manta ban kashe layin ba.
Daga sito ne.
Ko Tasi'u zai iya fara aiki ranar Litinin?
Na dubi takalmin.
Na ce, an riga ku.